Yadda Za Ka Killace Foldarka a Kwamfutar da Ake Tarayya a Kanta

Windows ba shi da wani maɓalli da za ka danna ya sa wa folda kalmar sirri. Mutane da yawa suna ɓata lokaci wajen nemansa, daga nan su faɗa hannun ƙananan manhajojin da ake saukewa kyauta, waɗanda wasunsu ɓoye foldar kawai suke yi, wasu kuma su ne ma ke shigo wa kwamfuta da cuta. Abin da Windows ya zo da shi ya fi waɗannan ƙarfi, sai dai a rarrabe yake wuri huɗu: asusun kowane mai amfani, izinin shiga folda, EFS mai ɓad da kamar fayiloli, da BitLocker mai kulle diski gaba ɗaya. Kowannensu akwai irin mutumin da yake tarewa, akwai kuma wanda ba ya iya tarewa. Don haka kafin ka taɓa komai, ka san wa kake gudu. Ƙanenka da ke kallon fim a kwamfutar gida, ko abokin aikin da kuke karɓa-karɓa a tebur ɗaya, ko mai gyaran da za ka bar wa ita kwana biyu, ko ɓarawo? Amsar ce za ta nuna maka inda za ka tsaya.

Fara da duba abu biyu. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta winver, ka ga ko Home gare ka ko Pro, domin EFS da cikakken BitLocker suna cikin Pro da Enterprise da Education ne, babu su a Home. Sannan ka buɗe This PC, ka danna diskin da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Properties, ka karanta abin da ke gaban File system. Dole ya zama NTFS. Diskin da ke kan FAT32 ko exFAT, kamar yawancin filash, bai san wani abu izini ba.

Sa wa folda alamar Hidden ba kariya ba ce, duk wanda ya kunna Hidden items a File Explorer ya gan ta. Haka ɗan rubutun nan na .bat da ake yawo da shi ana cewa yana kulle folda: suna kawai yake sauya mata, kalmar sirrin kuma tana rubuce a fili ga duk wanda ya buɗe shi da Notepad. Matse fayil zuwa ZIP da kayan aikin Windows 10 ko 11 shi ma ba ya sa kalmar sirri.

Kowa da asusunsa

Nan ne tushe. Idan mutum biyar suna shiga da asusu ɗaya, a wurin Windows mutum ɗaya ne su, kuma duk izinin da ka ba kanka ka ba sauran huɗun. Galibin kwamfutocin hannu da ake saye a kasuwa haka suke zuwa, da asusu guda na admin marar kalmar sirri, aka kunna sai cikin gida kai tsaye.

A Windows 11, shiga Settings, sai Accounts, sai Other users, ka danna Add account. A Windows 10 sunan wurin Family & other users ne. Zai nemi imel na Microsoft. Idan mutumin ba shi da shi, zaɓi "I don't have this person's sign-in information", sannan "Add a user without a Microsoft account", ka sa suna da kalmar sirri. Sabon asusu yana fitowa a matsayin Standard, kuma haka ya kamata ka bar shi. Sannan ka koma naka asusun ka sa masa kalmar sirri a Sign-in options idan babu.

Daga wannan lokacin, duk abin da ke ƙarƙashin C:\Users\sunanka, wato Desktop da Documents da Downloads da Pictures, a rufe yake ga sauran masu asusun Standard ba tare da ka ƙara yin komai ba. Wurare biyu ne a buɗe ga kowa: foldar C:\Users\Public, da kuma diski na biyu irin D: wanda masu gyara ke yawan yankewa su ce a riƙa ajiya a can.

Matsalar tana wurin admin. Mai asusun Administrator idan ya danna foldarka, saƙo zai fito cewa ba shi da izini, ga kuma maɓallin Continue a ƙasa. Dannawa ɗaya ya shiga, kuma izinin ya zauna masa daga ranar. Saboda haka a kwamfutar gida admin ya zama mutum ɗaya, kuma kada a riƙa ba yara kalmar sirrinsa don su sa wasa. Idan akwai wanda ya riga ya zama admin ba tare da buƙata ba, danna sunansa a Other users, zaɓi Change account type, ka mayar da shi Standard User.

Akwai wata ƙofa da ake mantawa da ita. Lokacin buɗe asusun da ba na Microsoft ba, Windows yana neman amsar tambayoyi uku na tsaro: garin da aka haife ka, sunan da ake kiranka da shi kana yaro, makarantar da ka fara shiga, da makamantansu. Duk ɗan gidanku ya san waɗannan amsoshi, kuma da su ake sauya kalmar sirri daga shafin shiga. Ka ba da amsoshin da ba su da alaƙa da tambayar, ka rubuta su a takarda ka adana a wurin da ba kusa da kwamfutar ba.

Sai ɗabi'ar kullewa. Duk lokacin da za ka tashi, ko da alwala za ka yi, danna Windows da L. Duk kariyar da za a ambata nan gaba ba ta aiki a kan wanda ya zauna a kujerarka asusunka na buɗe.

Foldar da ke kan D:

Idan dole ajiyarka ta zauna a wajen C:\Users, sai ka gyara mata izini da hannu. Danna foldar da maɓallin dama, Properties, shafin Security, sannan Advanced. Za ka ga jerin waɗanda ke da izini, kuma duk gadonsa foldar ta yi daga diskin da take ciki. Danna Disable inheritance, ka zaɓi na sama, wanda ya fara da "Convert inherited permissions". Kafin ka cire kowa, danna Add, sai Select a principal, rubuta sunan asusunka, ka ba shi Full control. Bayan sunanka ya bayyana a jerin ne za ka cire Users da Authenticated Users ta hanyar Remove. Bar SYSTEM da Administrators. Sa alama a akwatin ƙasa mai cewa "Replace all child object permission entries" domin fayilolin ciki su bi sabon tsari, sannan OK.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne amfani da Deny. Mutum ya ga Everyone ko Users, ya ce bari ya hana su gaba ɗaya, ya manta shi ma yana cikinsu. A Windows hani yana rinjayar izini, don haka sai ya wayi gari ya kulle kansa a waje. Cire suna daga jerin ya wadatar. Wanda ba a ambata ba, ba ya shiga. Cire SYSTEM kuma yana iya hana wasu ayyukan Windows isa ga foldar, irin su ajiyar kwafi da binciken fayil, ba tare da ya ƙara maka tsaron komai ba.

Idan ka gama, shiga da asusun wani ka gwada buɗe foldar. Kada ka yarda da aikin sai ka ga saƙon hani da idonka.

Izini doka ce da Windows ke bi muddin shi ne a kunne. Wanda ya tayar da kwamfutar daga filash mai Linux, wato wata babbar manhaja dabam da Windows, ko ya kwance diskin ya jona a wata na'ura, zai karanta komai kamar babu wani shinge. Admin ma yana iya ƙwace mallakar foldar ya mayar wa kansa izini. Idan abin da kake ajiyewa ya kai a yi masa wannan wahalar, kamar takardun fili, bayanan albashin ma'aikata, hotunan iyali, ko bayanan marasa lafiya, to sai an ɓad da kamar bayanan kansu yadda ba za su karantu ba sai da mabuɗi.

EFS da haɗarin da ke tare da shi

EFS ya zo tun Windows 2000, kuma kunna shi ba wuya. Maɓallin dama a kan folda, Properties, a shafin General danna Advanced, sa alama a "Encrypt contents to secure data", OK, sannan ka zaɓi a yi wa foldar da duk abin da ke cikinta. Ƙaramin kwado zai bayyana a kan fayilolin. Kai ba za ka ga wani bambanci ba, suna buɗe maka kamar da. Wani kuwa, ko admin ne, ko ya cire diskin, zai ga sunayen fayilolin amma ba zai iya buɗe su ba. Lura da wannan: sunaye ba sa ɓoyuwa, kuma mai izinin gogewa yana iya goge fayil ko da bai iya karanta shi ba. Idan akwatin ya dushe ba ya dannuwa, ko dai Home gare ka ko diskin ba NTFS ba ne. Kuma ba a haɗa shi da akwatin Compress da ke samansa, ɗaya ake zaɓa.

Mabuɗin EFS yana zaune cikin asusunka ne, kalmar sirrinka ce ke tsare shi. Wannan yana nufin abu uku. Na farko, kalmar sirri mai rauni irin 1234 ko shekarar haihuwa ta rushe aikin duka. Na biyu, idan ka sauya kalmar sirri da kanka ta Ctrl, Alt da Delete, kana sa tsohuwar kafin sabuwar, babu matsala. Amma idan admin ne ya sake maka ita daga nasa asusun saboda ka manta, a asusun da ba na Microsoft ba fayilolin za su ƙi buɗuwa. Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane: kwamfuta ta fara nauyi, a kai wa mai gyara, ya yi mata fomatin ya sa sabon Windows, ya ce bai taɓa D: ba. Gaskiya ya faɗa, fayilolin suna nan, amma mabuɗin ya tafi da tsohon Windows ɗin. Buɗe sabon asusu da suna iri ɗaya da kalmar sirri iri ɗaya ba ya dawo da shi.

Don haka a ranar da ka kunna EFS, a ranar za ka fitar da kwafin mabuɗin. Sa filash, a ce ya fito da harafin E. Buɗe Command Prompt daga cikin asusunka ka rubuta cipher /x E:\mabudi, ka amsa OK, ka sa wata kalmar sirri mai ƙarfi sau biyu. Zai samar da fayil mai suna mabudi.pfx. Ajiye shi wuri biyu, kuma kada ɗayansu ya zama kwamfutar kanta ko foldar da ka kulle. Ranar buƙata, danna fayil ɗin sau biyu a sabon Windows, bi matakan, sa kalmar sirrinsa, fayilolinka su dawo. Wanda ya san ba zai iya riƙe wannan fayil ba, gara kada ya kunna EFS sam.

Ba kullum kariyar ke bin fayil ba idan ya fita. Abin da ka tura ta imel ko WhatsApp a buɗe yake tafiya, kuma idan za ka kwafa zuwa filash, karanta gargaɗin da Windows zai nuna game da cire kullen kafin ka amince.

Akwati mai kalmar sirri: VHDX da BitLocker

Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da abin da mutane ke nufi idan sun ce folda mai kalmar sirri, kuma tana aiki ko da ku duka asusu ɗaya kuke shiga. Fayil guda ake ƙirƙira wanda Windows ke ɗauka tamkar diski, a kulle shi da BitLocker. Tana buƙatar Pro, kuma tana buƙatar ikon admin wajen ƙirƙira da wajen jonawa, don haka mai asusun Standard ba zai ji daɗinta ba.

Windows da R, rubuta diskmgmt.msc. A saman tagar danna Action, sai Create VHD. Zaɓi inda fayil ɗin zai zauna da sunansa, ka sa girma. 5 GB zuwa 10 GB ya ishi takardu, hotuna da bidiyo kuwa sai ka ƙara. Zaɓi VHDX maimakon VHD, domin an gina shi yadda ya fi jure ɗaukewar wuta ana cikin rubutu, abin da ke da muhimmanci ga kwamfutar tebur marar UPS ko laftof mai mataccen batir. Fixed size yana cinye girman nan take, Dynamically expanding kuma yana girma a hankali, amma ba ya raguwa da kansa idan ka goge abu, kuma yana ba da matsala idan diskin da yake kai ya cika. Idan akwai wuri, Fixed ya fi kwanciyar hankali.

Sabon diski zai bayyana a ƙasan jerin da alamar Not Initialized. A nan ka natsu ka tabbatar girmansa ya yi daidai da wanda ka sa, kada ka taɓa diskin da ke ɗauke da kayanka. Maɓallin dama a kansa, Initialize Disk, zaɓi GPT. Sannan maɓallin dama a kan baƙin filin, New Simple Volume, ba shi harafi, NTFS, ka gama.

Koma This PC, maɓallin dama a kan sabon diskin, Turn on BitLocker, zaɓi buɗewa da kalmar sirri. Mafi ƙaranci haruffa 8 ne, amma jimla mai kalmomi huɗu ko biyar ta fi. Zai ba ka mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda za ka iya ajiyewa a asusun Microsoft, ko a fayil, ko ka buga a takarda. Buga shi ko ka kwafe shi da biro, ka sa inda kake ajiye takardun makaranta. Kada ka bar shi a Desktop na kwamfutar da ake tarayya, don wanda ya same shi ba ya buƙatar kalmar sirrinka. Tunda diskin sabo ne, "Encrypt used disk space only" ya isa.

Amfani da shi kullum: danna fayil ɗin .vhdx sau biyu, sa kalmar sirri, yi aikinka, rufe duk takardun da ka buɗe daga ciki, sannan maɓallin dama a kan diskin ka danna Eject. Wannan Eject ɗin shi ne kullewar. Rufe murfin laftof ba ya kulle shi, Switch user ma haka. Muddin yana jone a buɗe, wani asusun da ya shiga zai gan shi a This PC. Kada kuma ka taɓa sa alama a "Automatically unlock on this PC". Shi ma fayil ɗin .vhdx ana iya goge shi kamar kowane fayil, kuma idan ya tafi komai ya tafi tare, don haka ka riƙa kwafe shi zuwa wani diski na waje bayan ka yi Eject. Kwafin a kulle yake, da kalmar sirri guda.

Idan Home gare ka

Ba ka rasa komai ba. Raba asusu da gyaran izini duk suna aiki. Sannan duba Settings, Privacy & security, ko akwai Device encryption; a Windows 10 yana ƙarƙashin Update & Security. Ba kowace na'ura ke da shi ba, kuma sai an shiga da asusun Microsoft na admin yake kammaluwa, domin can yake ajiye mabuɗin ceto. Yana kulle diskin gaba ɗaya, ya toshe hanyar Linux da ta kwance diski. Ba ya raba tsakanin masu asusu a kwamfutar, tunda diskin yana buɗewa da an kunna ta. Wannan aikin izini ne. Haɗuwar biyun, kai kuma kana riƙe da admin, ta ishi yawancin gidaje. Ka tabbatar ka san asusun Microsoft ɗin da mabuɗin yake ciki, saboda gyaran da ya taɓa BIOS ko babban allon na'ura yana iya sa ta nemi lambobin nan 48 kafin ta tashi.

Wata dabara: Home ba ya iya sa BitLocker, amma yana buɗe filash ɗin da aka riga aka kulle. Kulle filash a kwamfuta mai Pro, ka zaɓi Compatible mode, ka riƙa amfani da shi a taka. Ga wanda admin ɗin kwamfutar ba nasa ba ne, kamar a ofis ko shagon buga takardu, wannan ya fi barin komai a kan na'urar. Amma ka sani mai ikon admin yana iya sa manhajar da ke naɗar duk abin da ake bugawa a madannai, don haka abin da ya kai sirri sosai ba a buɗe shi a na'urar da ba ka yarda da mai ita ba.

A Mac da Linux

A Mac ana raba asusu a Users & Groups. Documents da Desktop a rufe suke ga wasu, amma foldar da ka ƙirƙira kai tsaye a cikin babbar foldar gidanka wasu na iya leƙa ta, don haka ka sa ta cikin Documents. Don akwati mai kalmar sirri, buɗe Disk Utility, File, New Image, Image from Folder, zaɓi 256-bit AES da tsarin read/write. Wajen buɗewa kada ka yarda a ajiye kalmar sirrin a keychain, wato ma'ajiyar kalmomin sirri ta Mac, kuma ka tuna asalin foldar tana nan a buɗe sai ka goge ta ka zubar da Trash. FileVault ne ke kulle diski duka, Control da Command da Q kuma su kulle allo. A Linux, chmod 700 a kan folda yana hana sauran masu amfani, ban da mai ikon sudo, wato admin. Umarnin gpg -c yana samar da kwafin fayil guda a kulle da kalmar sirri.

Sawun da aka bari a baya

Kulle folda ba ya share kwafin da suka riga suka warwatsu. Duba Downloads, Recycle Bin, da duk inda ka taɓa ajiye takardar kafin yau. A asusun da ake tarayya, File Explorer yana nuna sunayen fayilolin da aka buɗe kwanan nan. Shiga Options, a ɓangaren Privacy cire alamomin, ka danna Clear. Fita daga Gmail da WhatsApp a burauza, kada kuma ka bar ta ta riƙe maka kalmomin sirri.

Fayil ɗin da aka goge, ko da Shift da Delete ne, manhajojin dawo da bayanai suna iya tono shi muddin ba a rubuta wani abu a gurbinsa ba. A diski mai juyawa, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta cipher /w:C:\ ko harafin diskin da abin ya shafa. Zai bi duk wurin da babu komai ya rubuce shi sau uku, ba ya taɓa fayilolin da ke nan, amma yana iya ɗaukar sa'o'i, don haka ka jona caja ka rufe sauran manhajoji. A SSD, wato diskin da ba ya juyawa, ba a dogara da wannan, saboda yadda yake rarraba rubutu a cikinsa. Can maganin shi ne kulle diskin duka da BitLocker ko Device encryption, kuma a BitLocker ka zaɓi "Encrypt entire drive" idan an daɗe ana amfani da diskin.

Kafin ka kai kwamfuta gyara, yi Eject na akwatinka, kwafe fayil ɗin .vhdx da na .pfx zuwa waje, ka buɗe wa mai gyaran wani asusu dabam ya yi gwajinsa a ciki. Idan ya ce sai an yi fomatin, ka fara gwada buɗe kwafin a wata kwamfuta kafin ka ba shi izini.